Shirun Na'ura Ba Amsa Ba Ne

Bahaushe na cewa shiru ma magana ce, amma a tsakanin kwamfutoci zancen ba haka yake ba. Idan na'ura ta tura wa 'yar'uwarta saƙo ta ji shiru, ba ta da hanyar sanin abin da ya faru: ko saƙon ne ya salwanta a hanya, ko ya isa amsar ce ta ɓata wajen dawowa, ko waccan na'urar ta mutu, ko kuwa aiki ne ya sha mata kai kuma amsa na nan tafe. Duka huɗun kamanninsu ɗaya ne ga mai jira. Littattafan koyar da ɗalibai sukan jera manufofin da suka sa ake haɗa kwamfutoci masu yawa, kowace a inda take, su yi aiki kamar guda: a ci moriyar kayan aiki tare, tsari ya iya girma ba tare da ya durƙushe ba, ya jure lalacewa, sannan a ɓoye wa mai amfani cewa na'urorin da yawa ne. Ana jera su kamar 'yan ɗaki ɗaya, alhali tarihin shekara sittin ya nuna zaman kishiyoyi suke yi. Abin da nake son kafawa shi ne, duk ci gaban kirki da fannin ya samu ya zo ne lokacin da masana suka yarda cewa wannan shirun ba shi da magani, suka gina tsarinsu a kan haka. Duk sanda aka yi ƙoƙarin lulluɓe shi kuwa, sai ya ɓullo ta inda ba a zata ba.

Da farko ma babu wannan damuwa, domin kwamfutar ɗaya ce. A farkon shekarun 1960 kamfanin jiragen sama na American Airlines da kamfanin IBM suka gina SABRE, tsarin sayar da tikiti, wanda zuwa 1964 ya haɗa ofisoshin kamfanin a faɗin Amurka da manyan na'urori biyu ƙirar IBM 7090 da aka girke a Briarcliff Manor, a jihar New York. Littafin lissafi ɗaya ne, a wuri ɗaya, saboda haka ba a gardama kan wanda ya riga sayen kujera. Amma duk abin da ya sami wannan gini ya sami kowa. Wannan ne ya dami Paul Baran, injiniya a cibiyar bincike ta RAND a Kalifoniya, ko da yake shi ba tikiti ne a gabansa ba. Ana tsakiyar yaƙin cacar baka, kuma layukan wayar Amurka duk suna bi ta wasu 'yan cibiyoyi ne da makamin nukiliya zai iya shafewa a tashi ɗaya. A rahotannin da ya fitar a 1964 ya kawo shawarar a daina gina cibiya, a saƙa hanyoyin kamar raga, a daddatsa kowane saƙo ƙanana, kowane yanki ya nemi hanyar da ke raye ya bi. Lissafinsa ya nuna cewa idan kowace tasha tana da mahaɗa uku ko huɗu da maƙwabtanta, ragar za ta iya shan mummunar ɓarna ta ci gaba da aiki. Kamfanin waya na AT&T bai ɗauki maganar da muhimmanci ba. Injiniyoyinsa sun ƙare rayuwarsu suna ƙoƙarin hana layi lalacewa, sai ga wani yana cewa a bar shi ya lalace, a dai tanadi wata hanyar. A Ingila, Donald Davies na cibiyar gwaje-gwajen kimiyya ta ƙasa da ke Teddington ya iso ga tunani irin wannan a 1965, ba tare da ya san aikin Baran ba.

Mutane da yawa na ɗauka cewa ARPANET, kakar intanet, an gina ta ne don tsira daga yaƙin nukiliya. Wancan burin na Baran ne. Abin da ya motsa Bob Taylor na hukumar ARPA a 1966 bai kai haka tsoratarwa ba: a ofishinsa da ke Pentagon akwai na'urorin rubutu uku, kowace tana magana da wata kwamfuta dabam a wani gari dabam, kuma babu wadda ke jin yaren 'yar'uwarta. Kwamfuta a lokacin tana da ɗan karen tsada, shi kuma yana son jami'o'i su riƙa aron na juna. A daren 29 ga Oktoba 1969 wani ɗalibi mai suna Charley Kline, daga Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, ya fara buga kalmar neman shiga kwamfutar cibiyar SRI, tazarar sama da kilomita 500. Harufa biyu suka isa, na'urar SRI ta tsaya cik, sai da aka yi kamar awa guda kafin aka daidaita. Zuwa Disamba tashoshi huɗu ne a haɗe. Amma ARPANET ta farko ta ɗora wa ita hanyar nauyin tabbatar da isar kowane saƙo. Bafaranshe Louis Pouzin, a tsarinsa na CYCLADES a farkon shekarun 1970, shi ya juya lamarin: hanya ta yi iya ƙoƙarinta kawai, in saƙo ya ɓata, kwamfutocin da ke baki biyu su gane su sake aikowa. Vint Cerf da Bob Kahn sun ɗauki darasin a ƙa'idar da suka wallafa a 1974, wadda ta zama TCP/IP, kuma ARPANET ta koma kanta ranar 1 ga Janairu 1983. Intanet ta iya haɗiye kowace irin hanya, daga wayar tagulla zuwa tauraron ɗan Adam, saboda ba ta nemi wata hanya ta yi mata alkawarin da ba za ta iya cikawa ba.

Kafin wannan sauyi an sami wani abu da ya kamata a duba da kyau, domin ya nuna irin cutar da kwamfuta guda ba ta taɓa sani ba. Ranar 27 ga Oktoba 1980 ARPANET ta daina amfanuwa na tsawon awanni, ba tare da an yanke ko waya ɗaya ba. Na'urorin da ke rarraba saƙonni sukan sanar da juna halin hanyoyi, kuma kowace sanarwa tana ɗauke da lamba daga 0 zuwa 63 don a gane sabuwa daga tsohuwa. Tun da lambobin zagayawa suke yi, in sun kai 63 su dawo 0, ƙa'idar ita ce babbar lamba ita ce sabuwa muddin tazarar ba ta wuce 32 ba, in ta wuce kuwa ƙaramar ce sabuwa. Wata na'ura mai ɗan lahani ta zubar da ɗigon bayani daga wata sanarwa mai lamba 44, sai aka sami kwafi uku: 44 da 40 da 8. A bisa ƙa'ida 44 ta fi 40 sabunta, 40 ta fi 8, sannan 8 ta fi 44, tun da tazararsu 36 ce. Kowace na'ura ta karɓi ɗaya daga cikinsu sai ta ga sabon labari ne, ta watsa wa maƙwabta, su ma su watsa, abin ya yi ta kewayawa ba iyaka. Irin waɗannan sanarwa kuma su ake ba fifiko a kan komai, don haka suka cinye ƙarfin na'urorin gaba ɗaya. Kashe guda a kunna bai yi amfani ba, domin tana farfaɗowa maƙwabta za su sake ɗura mata. Kowace na'ura, ban da mai lahanin, daidai take bin umarninta. Cutar tana tsakaninsu ne, a kan tambaya ɗaya: wane ne ya riga wani?

Shekara biyu kafin nan Leslie Lamport ya riga ya taɓo jijiyar wannan tambaya. Ya karanta wani rubutu na Paul Johnson da Bob Thomas na 1975 kan yadda za a riƙe kwafi biyu na rumbun bayanai su zama iri ɗaya ta hanyar buga wa kowane canji lokaci, sai ya hango inda za a sami matsala: agogon kowace na'ura da nasa gudun, saboda haka abin da ya faru daga baya zai iya ɗaukar lokacin da ya riga na farko. Lamport ya san nazariyyar Einstein, wadda ta nuna cewa masu kallo biyu za su iya saɓawa kan abin da ya riga faruwa. A maƙalarsa ta 1978 ya ce a daina tambayar ƙarfe nawa, a tambayi me ya jawo me. Kowace na'ura ta riƙe ƙirge nata, ta ƙara ɗaya duk sanda ta yi wani abu, ta liƙa lambar a jikin saƙon da ta aika. Mai karɓa kuma in ya ga lambar saƙo ta fi tasa, sai ya tsallake ya wuce ta. Da wannan ɗan tsari aikawa ba za ta taɓa zuwa bayan karɓa ba. Abubuwan da babu saƙon da ya haɗa su kuwa, babu wanda ya riga wani a haƙiƙa, sai dai a yi yarjejeniya kan yadda za a jera su.

Yarjejeniyar ce kuma ta zama ƙashin bayan fannin, kuma a nan ne shiru ya nuna ƙarfinsa. Jim Gray na IBM ya bayyana matsalar a 1978 da misalin janar biyu da suka yi wa abokan gaba ƙawanya daga tsaunuka biyu. Sai sun kai hari tare za su yi nasara, kuma ɗan aike ne kaɗai ke tsakaninsu, shi ma ta cikin maƙiya zai ratsa. Na farko ya aika cewa gobe da asuba. Ba zai motsa ba sai ya ji saƙon ya isa. Na biyu ya mayar da amsa, amma shi ma ba zai motsa ba sai ya tabbata amsarsa ta isa, in ba haka ba shi kaɗai zai faɗa. Ko sau dubu aka yi ta kai da komowa, wanda ya aika saƙon ƙarshe yana cikin shakka. Wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS aka cire masa kuɗi a asusu alhali na'urar ta ce ciniki bai yiwu ba, ya ga wannan matsala da idonsa: banki ɗaya ya aikata, amsar ba ta dawo a kan lokaci ba, ɗaya ɓangaren ya gaji da jira ya yanke hukunci. A 1985 Michael Fischer da Nancy Lynch da Michael Paterson suka tabbatar da lissafi cewa idan babu iyaka ga jinkirin saƙo, babu wata tsayayyar dabara da za ta ba da tabbacin na'urori za su cim ma matsaya ɗaya, ko da guda ɗaya tak ce cikinsu ke iya mutuwa. Dalilin shi ne ba a iya bambanta matacciya da mai nawa.

Wani zai ɗauka irin wannan sakamako kashe gwiwa yake yi. Akasin haka aka gani, domin ya nuna wa injiniyoyi inda za su daina ɓata ƙarfi. Tun da ba za a iya jiran kowa ba, sai a jira mafi rinjaye. Cikin na'urori biyar, kowace uku ka ɗauka dole ta haɗa aƙalla guda da kowace uku dabam, saboda haka hukunci biyu masu karo da juna ba za su taɓa wucewa ba, kuma ko biyu sun yi shiru aiki na tafiya. Brian Oki da Barbara Liskov sun gina tsari a kan wannan a 1988. Lamport ya miƙa nasa, Paxos, a 1990, ya shirya shi a matsayin labarin majalisar wani tsibirin Girka wadda 'yan majalisarta ke shiga da fita yadda suka ga dama. Masu tantancewa ba su ji daɗin salon ba, maƙalar ba ta fito ba sai 1998. Abin lura game da Paxos shi ne abin da ya zaɓa ya sadaukar: in hanya ta rikice zai iya tsayawa ya ƙi yanke hukunci, amma ba zai yanke na ƙarya ba. Tun kafin wannan, a 1982, Lamport da Robert Shostak da Marshall Pease, a wani aiki da ya samo asali daga ƙera kwamfutar tuƙin jirgin sama da NASA ta ɗauki nauyi, sun duba abin da ya fi mutuwa muni, wato na'urar da ke gaya wa wannan abu kaza ta gaya wa wancan akasinsa. Sun nuna cewa don a jure maƙaryaciya ɗaya sai an tanadi huɗu, don a jure biyu sai bakwai.

A daidai wannan zamani wani ɓangare na masana ya bi ɗaya hanyar, ta ɓoyewa, kuma ba don rashin basira ba. A cibiyar Xerox PARC, inda aka ƙirƙiro Ethernet a 1973, Andrew Birrell da Bruce Nelson suka nuna a 1984 yadda mai rubuta manhaja zai kira aiki a wata na'ura mai nisa da salon da yake kiran aiki a cikin tasa. Kamfanin Sun ya fitar da NFS, wanda ke sa fayil ɗin da ke wani gini ya bayyana kamar yana kan teburinka. Abin ya yi daɗi matuƙa, har ranar da na'urar da ke riƙe da fayilolin ta yi shiru, sai kwamfutocin ofis gaba ɗaya su sandare suna jira, domin manhajojin da ke kansu an rubuta su ne da zaton karanta fayil ba ya gagara. Lamport ya taɓa bayyana irin wannan tsari a 1987 da cewa shi ne wanda lalacewar wata kwamfuta da ba ka ma san da ita ba ke hana taka aiki. A 1994 Jim Waldo da abokan aikinsa uku, daga cikin kamfanin Sun ɗin kansa, suka rubuta cewa kuskure ne a nuna wa mai rubuta manhaja cewa kusa da nesa ɗaya ne. Nesa tana da jinkiri, kuma tana da lalacewar rabi da rabi, wadda kusa ba ta da ita. Jinkirin ma ba na gyarawa ba ne: haske a cikin wayar gilashi yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a sakan, don haka zuwa da dawowa tsakanin Legas da Landan ba zai gaza kashi 50 cikin 1,000 na sakan ba, lokacin da ya ishi kwamfuta ta yi miliyoyin lissafi.

Girma shi ma da sadaukarwa aka saye shi. Har farkon shekarun 1980 sunayen dukkan kwamfutocin ARPANET suna cikin fayil ɗaya ne da ofishin Elizabeth Feinler a SRI ke kula da shi, kowa ya kwafa. Da yawa ya yi yawa, Paul Mockapetris ya tsara DNS a 1983: kowace ƙungiya ta riƙe sunayenta, mai tambaya kuma ya ajiye amsar da ya samu na wani ɗan lokaci yana amfani da ita, ko da ta tsufa. An yarda da ɗan tsohon labari don a sami tsarin da har yau yake ɗauke da duniya. Eric Brewer na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya fito da cinikin fili a wani jawabi a Portland a 2000, Seth Gilbert da Nancy Lynch kuma suka tabbatar da shi a 2002: idan hanya ta tsinke tsakanin kwafi biyu, ko dai ka ƙi amsawa don kada ka faɗi abin da ba daidai ba, ko ka amsa da sanin cewa wataƙila labarinka ya tsufa. Amazon ya bayyana nasa zaɓin a 2007 a tsarin Dynamo. Kwandon sayayyar mai ciniki ba ya taɓa ƙin karɓar kaya, in kwafi biyu suka saɓa sai a haɗe su daga baya, ko da hakan na nufin kayan da mutum ya cire zai iya sake bayyana. Kamfanin ya ga gara wannan da a mayar da mai saye. Banki ba zai iya yin haka da asusun ajiya ba, kuma wannan ne ya sa babu tsari ɗaya da ya dace da kowane aiki.

Akwai mai cewa duk wannan tsohon zance ne, tun da yau mutum na buɗe waya ya ga saƙonninsa da hotunansa ba tare da ya san na'ura nawa ke bayansu ba, ashe ɓoyewar ta yi nasara. Hujja ce mai ƙarfi, kuma babban misalinta shi ne Spanner, rumbun bayanan da Google ya bayyana a 2012, wanda ya ratsa nahiyoyi amma yake nuna hali kamar littafi ɗaya. Sai dai a duba yadda aka yi shi. Google ya girke agogunan atam da na'urorin GPS a cibiyoyinsa, amma duk da haka agogon Spanner ba ya cewa ƙarfe kaza ne. Cewa yake lokaci yana tsakanin kaza da kaza, tazarar da a lokacin yawanci ba ta wuce kashi 14 cikin 1,000 na sakan ba, kuma kafin a bayyana cewa an kammala rubuta wani abu sai an jira wannan tazara ta wuce. Wato an auna rashin sanin, an biya kuɗinsa da jira. Brewer da kansa, bayan ya koma Google, ya rubuta a 2017 cewa in hanya ta tsinke Spanner daidaito yake zaɓa ya bar amsawa, kawai dai kamfanin ya mallaki layukansa ne har tsinkewar ta yi wuya. Tun a 2003, maƙalar da ta bayyana tsarin fayilolin Google ta fara ne da ɗaukar lalacewar na'ura a matsayin abin yau da kullum, ana ajiye kowane yanki na bayani sau uku. An ɓoye wa mai amfani, gaskiya ne, kuma hakan ya dace. Amma ya yiwu ne saboda an daina ɓoye wa injiniya.

Ƙorafi na biyu ya fi wannan nauyi, kuma ba na jin an gama amsa shi. Idan an warwatsa na'urori don kada faɗuwar ɗaya ta kayar da kowa, me ya sa har yanzu ake wayar gari duniya ta tsaya? Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace na kusan awa shida. Wani umarni da aka bayar yayin gyara ya katse layukan da ke haɗa cibiyoyin kamfanin. Na'urorinsa na DNS an tsara su ne cewa in suka kasa jin cibiyoyin, su ɗauka su ne ba su da lafiya, su janye kansu daga intanet don wasu su karɓi aikin. Duka suka ji shiru a lokaci ɗaya, duka suka janye, kayan aikin da injiniyoyi za su yi gyara da su daga nesa ma suka tafi tare, sai da aka tura mutane cikin gine-ginen. Dabarar tana da kyau in na'ura ɗaya ce ta kamu, amma ta fassara shiru da ma'ana guda alhali yana da wata. Lissafin Baran da na masu rinjaye duk sun tsaya ne a kan sharaɗin cewa lalacewar wannan ba ta da alaƙa da ta wancan, kuma sharaɗin ne ya fi saurin karyewa, ta hanyar manhaja iri ɗaya, ko umarni ɗaya, ko kamfani ɗaya, ko ma hanya ɗaya a ƙarƙashin ruwa. Afirka ta Yamma ta ga haka ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a rana guda a gaɓar Kodebuwa. A takarda mahaɗa huɗu ne, adadin da Baran ya ce ya isa, amma duka ta yanki ɗaya na teku suka bi. Intanet ta yi rauni a Najeriya da Ghana da Kodebuwa da Laberiya da wasu maƙwabta, harkar banki ta tsaya wa mutane da yawa, kuma waɗanda suka farfaɗo da wuri su ne masu hanya ta wasu wayoyin da abin bai shafa ba, irin su Equiano. Gyaran sauran sai da jiragen ruwa suka zo, ya kuma ɗauki makonni.